Daga Nairobi Zuwa Tudun Hatsi: Abin da Ya Sa Kuɗin Waya Ya Zauna a Kenya

Assalamu alaikum, Kawu. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da abokan kasuwa. Kun ce a rubuto muku yadda mutanen nan suke ciniki ba tare da ƙirga takarda ba, alhali a Gombe har gobe dillali yana zaune kan buhu yana cewa motar ba za ta tashi ba sai ya ga alat. Na sa amsar a fili don sauran 'yan Tudun Hatsi su ma su gani.

Kada wani ya ce muku wayewa suka fi mu, ko manyan wayoyi. Mai sayar da ganye a bakin titi a nan, wadda suke kira mama mboga, sau da yawa 'yar ƙaramar waya mai madannai ce a ɗaure a gefen zaninta. Abin da ya bambanta mu shi ne yawan hannun da kuɗi yake bi kafin ya isa, da kuma wanda za ka kama idan ya maƙale.

Kuɗinsu sule ne, sunan da kuka sani tun kafin naira, sai dai nasu sulen a canjin kwanakin nan ya ɗan haura naira 10. Tsarin da kowa yake amfani da shi sunansa M-Pesa, kamfanin waya na Safaricom ya fito da shi a watan Maris na 2007. Ba ya bukatar data, ba ya bukatar asusun banki. A cikin layin wayar yake. Ka buɗe jerin da ke kan layin, da Turanci ko da Suwahili, ka zaɓi tura kuɗi, ka sa lambar mutum, ka sa adadi, ka sa lambar sirri mai alƙaluma huɗu. Kafin kuɗin ya fita sunan mai karɓa zai bayyana, a ba ka 'yan daƙiƙoƙi ka soke idan ba shi ba ne. Daga nan saƙo ya shigo wa mai turawa da mai karɓa kusan tare, kowanne ɗauke da lambar shaida iri ɗaya mai haruffa da alƙaluma goma. Lambar wayarka ita ce lambar asusunka, babu wata lamba ta biyu da za a haddace.

Wakilansu, wato masu POS ɗin nan, suna cikin 'yan shaguna masu koren fenti a kowane lungu. Aikin iri ɗaya ne da namu: wakili yana riƙe da tukunya biyu, tsabar kuɗi a aljihun tebur da kuɗin cikin waya, wannan na cika wancan na raguwa, idan ɗaya ta ƙare sai ya je banki ko wurin babban wakili ya daidaita. Bambancin yana wajen caji. Sa kuɗi kyauta ne. Cirewa kuma farashinta a rubuce yake a bango, daga asusunka ake zara, ba ka miƙa wa wakili ko kwabo da hannu. Kamfanin ne yake biyansa kamasho. Saboda haka babu ranar da za ka zo a ce yau kuɗi ya yi wuya, dubu goma ɗari biyar ce, yadda aka sha a farkon 2023 lokacin canjin takardun 200 da 500 da 1,000. A wurinmu mai POS shi yake nemo tsabar, wani lokaci ma saya yake daga gidan mai ko wurin 'yan kasuwa, dole ya ɗora a kan mai cirewa.

Unguwar Nyamakima ita ce Tudun Hatsinsu a tsakiyar Nairobi, shagunan wake da masara da shinkafa jere. A ƙofar kowane shago akwai takarda manne da lambar shagon. Mai saye ya danna lambar, sunan shago ya fito, ya biya, yaron shago ya leƙa wayar da ke kan tebur ya kira sunan wanda ya biya da ƙarfi, ɗan dako ya saɓa buhu. Mai saye ba a cajinsa, mai shago ake cire wa ɗan abu kaɗan. Amfanin lambar shago shi ne kuɗin ciniki ba ya cakuɗewa da kuɗin cefane, kuma yaro yana ganin an biya amma ba shi da ikon taɓawa.

To amma fa ba araha ba ne, a nan mu muka fi su nesa ba kusa ba. Tura sule 100 zuwa ƙasa kyauta ne. Tura sule 1,000 ana cire 13, cire shi a wurin wakili 29. Idan kuɗin ya haura sule 20,000 cajin turawa 108 ne, wato sama da naira dubu. A Najeriya, bisa jadawalin Babban Banki na 2020, taransifa daga banki zuwa banki naira 10 ce zuwa 5,000, naira 25 zuwa 50,000, naira 50 daga nan zuwa sama, sai harajin naira 50 na gwamnati a kan 10,000 zuwa sama. Kuma M-Pesa tana da iyaka: sule 250,000 a turawa ɗaya, 500,000 a rana. Mai lodin tirela dole ya koma banki. Hanyar da bankunanmu suke tura wa juna kuɗi nan take ta fara aiki tun 2011, tasu mai suna PesaLink sai 2017.

Ke nan ba tsada ce take hana mutum yarda da abu ba, tunda ga mai tsada ya karɓu. Tsoro ne. Kuma tsoron ɗan kasuwar Gombe yana da tushe.

Idan kuka tura kuɗi daga bankinku zuwa wani banki, hannu huɗu yake bi: kamfanin layinku, bankinku, cibiyar da ke haɗa bankuna wato NIBSS, sannan bankin mai karɓa. Bankinku yana fara zare kuɗin ne kafin ya aika umarni. Idan bankin can ya yi jinkirin amsawa, ko hanya ta yanke a tsakani, sai a wayi gari an cire a nan bai shiga can ba. Wani lokacin ma ya shiga, saƙon alat ɗin ne kawai ya maƙale a layin waya, mutum biyu suna ta rantse-rantse a kan kuɗin da yake zaune lafiya a asusu. A M-Pesa mai turawa da mai karɓa duk a littafi ɗaya suke, kamfani ɗaya ne yake rage wa wannan ya ƙara wa wancan, babu tsakiyar da kuɗi zai tsaya. Idan kuma ka yi kuskuren lamba, saƙon shaidar nan za ka tura zuwa 456, a riƙe kuɗin idan mai shi bai riga ya cire ba, a tuntuɓe shi. Ba kullum ake dacewa ba, amma kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma ba sai ya rufe shago ya bi layi ba.

Mu ma muna da ƙa'ida, rashin saninta ne ya yi yawa. Kowace taransifa tsakanin bankuna tana da lambar shaida mai alƙaluma 30, tana jikin rasit a manhaja. Da ita bankin mai karɓa zai gano kuɗin, ba da hoton waya ba. A 2020 Babban Banki ya sa wa'adin awa 72 a mayar da kuɗin da ya maƙale a POS, awa 48 ga na'urar cire kuɗi ta wani banki. Ƙorafi bankinku ake fara kaiwa, a karɓi lambar ƙorafin, idan mako biyu ya wuce shiru a ɗaukaka zuwa sashen kare masu hulɗa na Babban Banki. Wanda ya je hannu rabbana yana cewa “an cire mini kuɗi jiya da la'asar” zai daɗe yana sintiri.

Dalilin da ya sa ba mu bi hanyar Kenya tun farko ba, hukuma ce. Babban Bankinsu ya bar kamfanin waya ya gwada, yana sa ido. Namu ya ce harkar kuɗi ta bankuna ce, manyan kamfanonin waya biyu, MTN da Airtel, ba su sami cikakken lasisin irin wannan ba sai 2022, lokacin da MoMo na MTN da SmartCash na Airtel suka fara. Kafin nan OPay da Moniepoint da PalmPay sun riga sun shiga kasuwa, ƙarancin kuɗin 2023 kuma ya tura musu jama'a. Ku lura da abin da ya sa aka ce sun fi sauri: idan mai saye da mai sayarwa duk a gida ɗaya suke, littafi ɗaya ne, sirrin nan na Kenya ke nan. Ita kuwa eNaira, nairar cikin waya ta Babban Banki da aka ƙaddamar a Oktoban 2021, ku tambayi rumfa goma a layinku ku ji ko akwai mai karɓarta. Abin da bai warware wa mutum wata damuwa ba, ko da ganga aka yi shelarsa ba zai ɗauka ba.

Sai wuta, wadda ita ce ƙashin bayan komai. Kaso mai yawa na wutar Kenya daga tururin ƙarƙashin ƙasa ake samunsa a Olkaria, sai ruwa da iska. Ana ɗaukewa, amma ba ta zama al'ada ba. Katin mita ma ta waya ake saye, a biya ta lamba 888880, a sa lambar mita, alƙaluma 20 su shigo a danna. A wurinmu ƙarfen sabis da dizal yake rayuwa, shi ya sa tsadar mai take bayyana a kuɗin data, har hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Kun tuna Oktoban 2024, da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Gombe da Bauchi suka shafe fiye da mako guda a duhu, ga madatsar Dadin Kowa mai megawat 40 a bayan gida. Wayar da take wurin mai caji ba ta ciniki. Ga kuma nisa: manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku galibi a Legas suke sauka, sai an ja fayiba ɗaruruwan kilomita kafin ta zo mana, mai aikin titi ya sa katafila ya datse ta gari ya yi tsit. A watan Maris na 2024 ma a cikin tekun suka yanke, manhajojin bankuna da dama suka tsaya cik. Nasu a Mombasa suka sauka tun 2009.

Maganar shaida ita ma tana da nauyi. Ɗan Kenya da ya kai shekara 18 yana karɓar kati ɗaya da suke kira kitambulisho, da shi zai yi rajistar layi, shi zai nuna wa wakili. Mu muna da NIN da BVN, kowacce alƙaluma 11, kuma dole su yi daidai da juna da sunan da ke kan layi. Nan mutanenmu suke faɗuwa: Muhammad a nan, Mohammed a can, sunan uba a gaba a wata takarda a baya a wata, ranar haihuwa kuma mai rajista ya ga dama ya sa 1 ga Janairu. Ku danna *346# ku ga NIN, *565*0# ku ga BVN, a kan layin da aka yi rajista da shi, ku sa yaro ya gwada rubutun sunan harafi da harafi kafin ranar da za a rufe asusu kuɗin kaya na ciki. Kuma kada a buɗe asusun ciniki da layin da aka yi wa rajista da sunan wani.

Akwai abin da na ce Allah ya sa kada mu kwaikwaya. A 2019 aka kawo Fuliza, bashin da yake cike maka giɓi nan take idan kuɗinka bai kai ba, ana cajin kashi 1 cikin 100 da kuma wani abu kullum har ka biya, duk kuɗin da ya shigo kuma shi yake fara lashewa. Haɗa shi da cacar ƙwallo ta waya, samari da yawa albashi ba ya kwana a hannunsu. Hukuncinsa kuwa na malamai ne, ba sai na faɗa muku ba. Haka wayar bashi ta M-KOPA, da ake biya kullum, ranar da ba ka biya ba ta kulle kanta. 'Yan damfara ma suna nan da saƙonsu na “tuma kwa hii namba”, wato turo wa wannan lambar. Sannan ƙasa guda ta jingina da kamfani guda, ranar da ya yi tari har kwandastan mota sai ya rasa yadda zai karɓi kuɗinsa.

Wanda ya kamata mu roƙa a kawo mana a Indiya yake: ɗan akwatin magana da ake ajiyewa a kan teburin shago, da kuɗi ya shigo sai ya faɗi adadin da murya cikin harshen mai shago. Da akwai shi da Hausa, da dattijon da ya iya ajami bai iya boko ba ya daina miƙa wa yaro wayarsa da lambar sirrinsa.

Kafin nan, ga abin da zai yiwu a rumfarku. Layi biyu na kamfani daban-daban, asusu biyu a gida daban-daban, ɗaya na banki ɗaya na irin waɗanda masu saye suka fi amfani da su. Ɗan faifan sola da batir da zai riƙe waya da POS yini guda. Kada buhu ya fita a kan hoton rasit ko saƙon alat, domin duka biyun ana ƙirƙirarsu, sai an buɗe asusu an ga kuɗin ya ƙaru. A littafin ciniki kuma a ƙara gida ɗaya kusa da sunan mai saye, a riƙa rubuta alƙaluma shida na ƙarshen lambar shaida, a bar rasit ɗin a waya har a rufe lissafin mako.

A gaida Inna da yara, da Sarkin Dillalai idan kun haɗu.