Goge kwanson harsashi: a bushe ko da ruwa?

Masu sake cika kwanson harsashi na tagulla sun yawaita tambayata wace hanyar tsaftacewa za su ɗauka.

Ta bushewa ta fi araha da sauƙi. Injin girgiza ne da dakakkiyar totuwar masara. Ka zuba, bayan 'yan sa'o'i ka tace, shi ke nan. Sai dai bayan kwanson kawai take haskawa, cikinsa da gurbin hular wuta (ɗan ramin gindinsa da ake sa abin da ke kunna albarushi) su kan tsaya da baƙinsu. Abin da ya fi damuna ƙurarta, domin tana ɗauke da dalma, guba ce ga mai shaƙa.

Ta ruwa kuwa, ganga ce mai juyawa, da sabulu, da ɗan sinadarin tsami, da ƙananan tsinkayen ƙarfe marasa tsatsa. Kwanson ya kan fito fes ciki da waje, ƙura babu, tsinkayen kuma ba sa ƙarewa. Amma akwai ɗawainiya: ɗauraya, duba kowane kwanso kada tsinke ya maƙale, sannan busarwa sosai, don laima na lalata albarushi. Kowace ka ɗauka, ka guji man gogi mai amoniya, yana sa tagulla ta tsage.

Mai kwanso kaɗan da ƙarancin lokaci, ta bushewa ta ishe shi. Wanda ke tara masu dauɗa da yawa, ta ruwa ce tasa.