Inda nake kai sunayen shafin intanet kasuwa: Afternic, Sedo da kuma ƙafata

Kawuna dillalin shanu ne a Oko-Oba, nan Agege. Ranar da na yi masa bayanin sana'ar da nake haɗawa da gyaran waya a Computer Village, sai da ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce, "Kai yaro, wato suna kake sayarwa? Sunan da babu sa, babu akuya a bayansa?" Na ce, "E, Kawu. Adireshin da ake rubutawa a shiga shafi, irin mai .com a ƙarshe, shi nake yi wa rajista in ajiye har mai so ya zo." Ya yi shiru, can ya ce, "To wa ke cin la'ada?"

Amsar wannan tambaya ita ce ta raba mini kasuwannin nan.

Abin da ya ja ni tun farko labarin Voice.com ne, da aka sayar dala miliyan 30 a 2019. Na yi wa sunaye wajen ashirin rajista a wata guda, na zauna jiran attajiri. Shiru. Ashe suna kamar sa yake a turke, kowace shekara sai ka biya kuɗin sabuntawa, da dala kuma, ko an taya ko ba a taya ba. Duk wanda ya ga yadda naira ta faɗi daga tsakiyar 2023 ya san abin da nake nufi.

Afternic, wadda GoDaddy, kamfanin rajistar sunaye, ta saya a 2013, ita ce na fi daɗewa a ciki, kuma ita zan nuna wa mai sunan .com. Dalili ɗaya ne: kan hanya take. In ka sa wa sunanka farashi tsayayye, ka amince da saurin miƙa shi ga mai saye, to mutumin da ya je neman wannan sunan a GoDaddy ko a wasu kamfanonin rajista da ke hulɗa da ita zai gan shi da kuɗinsa a gefe. Bai ma san akwai wata Afternic ba, ya biya ya wuce. Haka na sayar da na farko, ina tsakiyar canza gilashin wata waya saƙon ya shigo. Babu taya, babu albarka, babu wanda ya ce in rage masa don Allah. La'adarsu dai da nauyi. Lokacin da na shiga a 2023, kashi 15 cikin ɗari ne in ka juya sunan zuwa shafin tallarsu, kashi 25 in ba ka juya ba. Suna sauya tsarin, don haka ka duba kafin ka sa kaya. Tsofaffin 'yan harkar har gobe suna kewar kasuwar Dan.com da kashi 9 ɗinta, amma GoDaddy ta haɗiye ta tun 2022.

Sedo ta Jamus ce, a Kolon take, kuma tsohuwar hannu ce. La'adarta kan kama daga kashi 10 zuwa 20, gwargwadon ƙofar da mai saye ya shigo. Abin da nake so a wajenta shi ne akwai ciniki irin namu, ya taya, ka ƙi, ya ƙara, har ka sallama. Sai dai ƙarfinta a Turai yake, sunaye na kuwa yawanci Hausa ne da Turancin Najeriya, ban yi mamakin ƙarancin masu leƙowa ba. Flippa ta fi dacewa da mai sayar da shafi sukutum da masu ziyararsa. Atom, wadda a da ake kira Squadhelp, ta masu ƙirƙirar sunan kamfani ce, kuma manyan rumfunanta sai an tantance sunanka.

Kafin duk wannan, ka fara sanin ta inda kuɗinka zai iso Legas. A lokacin da na fara, PayPal na Najeriya biya yake yi, ba ya karɓa, shi ya sa na buɗe asusun dala a banki. Wani ya taɓa aiko mini da saƙo zai ba da dala dubu goma a kan wani suna, amma in fara biyan kuɗin ƙiyasta darajarsa a wani shafi da ya zaɓa. Na biya. Tun ranar ban sake jin ɗuriyarsa ba. Kawu ya yi dariya har da hawaye, ya ce a kara ma ba a taɓa sa mai saniya ya biya kafin a taya ba.

Sunayen .ng da .com.ng, waɗanda NiRA ke kula da su daga nan Legas, wani zance ne daban. Mai buƙatarsu ba ya yawo a kasuwar Jamus, yana nan Mile 12 ko Alaba yana lissafin buhu. Ɗaya daga cikin nawa da ƙafa na kai shi, wajen wani Alhaji mai odar albasa da 'ya'yansa suka dame shi ya buɗe shafi. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ga sunan shagonka nan a hannuna." Ya juya wayar, ya kira babban ɗansa ya duba, ya taya rabin abin da na faɗa. Na ce albarka. Muka yi la'asar tare, muka dawo muka ƙarasa, ya tura kuɗin da naira, na miƙa sunan zuwa asusun yaron a gabansa. Babu wanda ya ci la'ada, sai kuɗin motar da na kashe da buhun albasar da ya ce in kai gida.

Yanzu sunaye tara suka rage mini. Shida na Afternic, biyu na Sedo, ɗaya kuma ina jiran wani mai sayar da tayal ya dawo daga Umara.