Neman kakana a fayilolin gyaɗa: sharhi kan Gidan Adana Kayan Tarihi na Kaduna

Duk mai son bin diddigin wani ɗan kasuwa na zamanin Turawa a Arewa, ko ba jima ko ba daɗe sai ƙafarsa ta kai shi Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon a Kaduna, inda ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati. Ni ma na je bara, kuma tun da na dawo 'yan uwa ke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya. Sai dai akwai abin da gidan yake bayarwa hannu sake, akwai kuma wanda ba ya cikin takardunsa tun asali, kuma gara mutum ya san bambancin kafin ya hau mota.

Kakana na wajen uwa sayen gyaɗa yake yi a Malam Madori, kan layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930. Ba hamshaƙin attajiri ba ne. Ɗan kamasho ne, yana karɓar kuɗi a hannun wani Kwara ɗan Labanan, ya raba wa yaransa su shiga ƙauyuka da kaka. Abin da nake so in sani shi ne yaushe ya fara, da wa ya yi hulɗa, kuma me ya karya shi, domin a gida kowa da irin labarin da yake bayarwa.

Masanin tarihi Kenneth Dike ne ya assasa wannan hukuma a Ibadan a 1954, daga baya aka buɗe rassa a Enugu da Kaduna. Reshen Kaduna shi ya gaji takardun gwamnatin Jihar Arewa. An jera su ne bisa ofishin da suka fito: na babbar sakatariya ana kiransu SNP, na Lardin Kano KANOPROF, na Zazzau ZARPROF, na Sakkwato SOKPROF, haka dai har sauran larduna. Wannan tsari shi ne abu na farko da ya kamata baƙo ya gane. Ba a neman mutum da sunansa. Sai ka tambayi kanka, wane ofishi ne zai iya yin hulɗa da shi, a kan wace magana, a wace shekara? Hadeja a lokacin tana ƙarƙashin Lardin Kano, don haka kundin jerin fayilolin Kano na rungume.

Shiga ba ta yi mini wuya ba. Na nuna katin shaida da takardar gabatarwa, na cike fom, na biya kuɗin rajista, aka kai ni ɗakin bincike. Kana duba kundi, ka rubuta lambar fayil a 'yar takarda, a je a ɗauko maka. Dole in yaba wa wani ma'aikaci dattijo da na tarar. Da ya ji abin da nake nema sai ya ce, "Malam, bar neman sunan kakan nan tukuna, nemi fayilolin filayen kantuna na tasha da na lasisin saye." Wannan shawara ita ta buɗe mini hanya.

A fagen kasuwancin kansa, gidan nan rumbu ne. Rahoton shekara-shekara da Razdan ke aikawa yana ɗauke da farashi, da yawan abin da jirgi ya ɗauka, da damina mai kyau da marar kyau. A nan mutum zai ga yadda lissafin Turawa ya kuɓuce musu tun farko. Sun kawo dogo Kano a 1911 da fatan auduga za su kwasa don masaƙun Ingila, sai manoma da fatake suka ga gyaɗa ta fi riba. A 1912 abin da Najeriya ta fitar bai kai tan 3,000 ba, a 1913 ya haura tan 19,000. Waɗanda suka yi wannan aiki tsofaffin fataken goro ne da suka san Gwanja, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo, sai kuma Alhassan Ɗantata wanda ya zo ya shafe kowa. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauye ba, waɗannan mutane su suka san manomi, suka san wanda za a ba bashi a kwana lafiya. Kana karantawa kana ganin yadda aka haɗa Kamfanin Neja da wani abokin takararsa aka haifi kamfanin UAC (United Africa Company) a 1929, yadda farashi ya faɗi warwas a shekarun 1930, da yadda hukumar sayen gyaɗa ta karɓe ragamar farashi daga 1949.

Kakana kuwa a wuri biyu na same shi. Na farko jerin masu riƙe da fili ne a tasha, an rubuta sunansa da irin rubutun Bature wanda sai ka furta da baki kafin ka gane. Na biyu shi ya sa hannuna rawa. Takardar koke ce zuwa ga Di'o, an buga ta da tafireta da Turancin masu rubuta wasiƙa na bakin ofis, yana roƙon a ƙara masa wa'adin biyan kuɗin fili saboda kasuwa ta faɗi. Allurar da aka manne ta da ita ta yi tsatsa har ta ci gefen takardar. A ƙasa ga dangwalen yatsansa da shuɗin tawada, kusa da shi kuma sunansa da ajami, da hannunsa. A gefe Di'o ya yi layi biyu da jan alƙalami, ya amince da wata uku. Ban taɓa ganin hoton kakana ba, wannan dangwale shi ne abu mafi kusa da jikinsa da na taɓa gani.

To amma iyakar abin ke nan, kuma a nan nake so masu niyyar zuwa su saurare ni da kyau. Takardun nan idon gwamnati ne. Gwamnati ba ta rubuta mutum sai in zai biya haraji, ko yana neman izini, ko ya shiga rigima. Gidansa bai dame ta ba. Kakata ita ce ke matse mai tana yin ƙuli-ƙuli a cikin gida, kuma iyayenmu sun sha gaya mana da kuɗin adashinta ya sake tayar da jari bayan ya karye. Babu ita a ko'ina. Babu yaran gida masu awo da ɗinkin buhu, babu auren da ya ƙulla amana tsakaninsa da wani gidan fatake, alhali a kasuwancin Hausa waɗannan su ne ginshiƙin jari. Ko Alhassan Ɗantata, da girmansa, labarin mahaifiyarsa Amarya da fataucinta a Ankara ta ƙasar Gana, da yadda ya tashi a Bebeji, daga bakin iyali da dattawa masu bincike suka fi samo shi. In haka ne ga mutumin da ya rasu a 1955 ana kiransa attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma, ina ga ɗan kamasho na Malam Madori?

Inda iyali ke ɗan leƙowa shi ne littattafan kotun alƙali, musamman na rabon gado, domin a nan ake lissafa mata da 'ya'ya, da gidaje, da bashin da ake bi da wanda ake binsa. Yawancinsu da Larabci suke, kuma a warwatse suke tsakanin Kaduna da garuruwan da kotunan suke.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwatanci da ɗaya ɓangaren. Kamfanin Unilever, wanda ya mallaki UAC a da, yana riƙe da takardun kamfanin a Port Sunlight kusa da Liverpool: littattafan lissafi, wasiƙu, hotuna, bayanan ma'aikata, kuma ana iya duba jerinsu ta intanet. Mai saye ya adana tarihinsa, mu masu sayarwa mun bar namu ga gara. A gidanmu akwai adakar kakana cike da littattafan bashi da rasitai, tana nan har ƙuruciyata. Da aka tashi gyaran ɗakin sai wani daga cikin dangi ya ce tarkace ne, aka kwashe aka ba masu ƙosai. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin amsar rabin tambayoyina tana cikin adakar nan. Manyan gidajen kasuwanci na Kano da Katsina da Gusau da Maraɗi suna da halin da za su ɗauki ƙwararre ya tsara musu takardun iyayensu, ya ɗauke su a hoto, a ajiye kwafi a wuri irin Gidan Arewa da ke nan Kaduna, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970. Kuɗin aikin bai kai na walimar aure ɗaya ba.

Ga mai shirin zuwa, fara zama da tsofaffin gidanku, musamman mata, ka rubuta laƙabin mutumin, da unguwarsa, da tashar da ya yi saye, da sunan Bature ko Kwaran da ya yi wa aiki. Da waɗannan za ka shiga kundi. Je da sassafe a ranar aiki, ka ware kwanaki, ba aikin yini ɗaya ba ne. Takardun sun tsufa, wasu suna karyewa in an juya da gaggawa, don haka a bi su a hankali, a kuma nemi izini kafin a ɗauki hoto. In niyyarka ta kai ga littattafan alƙali, tafi da wanda ya iya karanta rubutun hannu na malaman da, domin Larabcin makarantar zamani kaɗai ba zai fisshe ka ba.