Sharhi kan tafiyarmu ta jirgin ruwa a Bahar Rum: farashi, sharuɗɗa da inshorar ƙasashe uku

A watan Oktoban 2024 muka yi kwana bakwai a cikin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, wanda ya tashi daga Barcelona ya ratsa Marseille da Genoa da Civitavecchia da Palermo, aka kuma tsara zai tsaya a Valletta ta ƙasar Malta kafin ya komo inda ya fito. Ni da maiɗakina da 'yarmu mun taso daga Birmingham, ƙanena da matarsa daga Houston, mahaifiyarmu kuma daga Kano. Game da jirgin kansa ba ni da abin kushewa, domin ɗakunan suna da tsabta, ma'aikatan suna da ladabi, kuma duk da cewa ba mu ci naman da ba mu san yankansa ba, kifi da ganyaye da kayan marmari sun wadatar da mu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne takardun da suka gabaci hawa jirgin, domin a nan ne na fahimci cewa 'yan'uwa ciki ɗaya za su iya kwana a ɗakuna biyu da ke jere da juna alhali yarjejeniyar da kowannensu ya sa wa hannu ta sha bamban da ta ɗan'uwansa, don kawai adireshinsu ba a ƙasa ɗaya yake ba.

Tun a watan Fabrairu muka fara neman ɗakuna, kuma a ranar farko ƙanena ya turo mini hoton farashin da ya gani a shafin kamfanin na Amurka, wanda ko bayan na juya dalar zuwa fam ya yi ƙasa da nawa sosai. Raina ya ɓaci, har na yi niyyar in bar shi ya saya mana gaba ɗaya. Sai da muka bi matakan biyan kuɗin har ƙarshe, shi a wayarsa ni a tawa, sannan gaskiya ta bayyana. Adadin da ke gabana ya riga ya haɗa da haraji da kuɗin tashoshin jiragen ruwa, domin a Ingila ba a yarda a tallata farashi a ɓoye kuɗin da ya zama dole ba, shi kuwa nasa sai a shafin ƙarshe aka ɗora masa waɗannan. Bayan haka akwai tukwicin ma'aikata, wanda a nau'in tikitin da na zaɓa yana cikin kuɗin, shi kuma aka shaida masa za a riƙa rubuta masa shi kowace rana a kan kowane mutum a lissafin ɗakinsa. Manyan kamfanonin da ke sayar wa Amurkawa tikiti a lokacin sukan caji tsakanin dala 16 zuwa 20 a kan mutum ɗaya a rana, wanda ga miji da mata a kwana bakwai ya haura dala 200. Da muka tattara komai, ratar da ke tsakaninmu ta koma 'yar kaɗan. Daga baya, a ranar 1 ga Yulin 2024, wata doka ta jihar Kalifoniya da ta haramta ɓoye kuɗaɗen dole ta fara aiki, manyan kamfanonin kuma suka koma nuna wa Amurkawa farashi haɗe da haraji, amma tukwicin bai shiga ciki ba har yanzu.

Farashi na uku shi ne wanda wani kamfanin shirya tafiye-tafiye a Abuja ya ba mu lokacin da muke tunanin saya wa Umma nata daga gida. Da dala suka yanka shi, suka ce canjin da suka ba mu na kwana biyu ne kawai saboda yadda naira ke tangal-tangal tun bayan da aka sake ta a watan Yunin 2023, kuma suna son kuɗin duka a lokaci guda ba tare da alkawarin maidowa ba. Ban ga laifinsu ƙwarai ba, tun da su ma da dala za su biya, amma ban iya amincewa da hakan ba, sai na sa sunan Umma a ɗaki ɗaya da 'yata a ƙarƙashin rajistata.

Babban bambancin da ya taɓa aljihunmu yana kan kafin alƙalami. A Ingila, da zarar ka ajiye shi to ya tafi, ko da washegari ka sauya ra'ayi, kuma haka aka rubuta ɓaro-ɓaro a sharuɗɗan da na karɓa. A Amurka ana sayar da iri biyu, akwai mai rahusa wanda ba a maido da kafin alƙalaminsa, akwai kuma mai ɗan tsada wanda za ka iya fasawa a maido maka da kuɗinka cif matuƙar ranar biyan cikon ba ta yi ba. Ƙanena ya zaɓi na biyun, kuma ya kama ƙarin ɗaki domin Gwaggo da 'yarta, waɗanda su ma daga Kano za su taso. Ranar biyan cikon ta faɗo a watan Yuli, kimanin kwana 90 kafin tashi, a lokacin kuwa babu ko ɗaya daga cikin mutanen Kano da ta samu ranar ganawa domin bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta shiga yawancin ƙasashen Turai, duk da cewa doka ta yarda a shigar da takarda tun wata shida kafin tafiya. Ƙanena ya duba al'amarin ya soke ɗakin Gwaggo, kuma cikin mako biyu kuɗinsa suka dawo katinsa ba tare da an zaftare ko sisi ba. Ni kuwa sai na tsinci kaina a tsaka mai wuya: in na janye Umma na rasa kafin alƙalami kuma 'yata ta koma biyan kusan kuɗin mutum biyu, domin farashin ɗaki an gina shi ne a kan mutum biyu, in kuma na biya cikon aka hana ta biza, abin da za a maido mini zai riƙa raguwa yayin da ranar tashi ke matsowa, har ya kai ba komai a makonnin ƙarshe.

Na kira Umma na zayyana mata halin da ake ciki. Kasancewata ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta ce, "Kai wannan, kada ka zuba dukiyarka a kan abin da ba shi da tabbas, in ba rabo ai ba a dole." Na ce mata, "Umma, ki yi mana addu'a kawai, ni na riga na yanke shawara." Na biya. A ƙarshen watan Agusta ta je Abuja, ta biya yuro 90 na biza, domin a watan Yunin shekarar aka ƙara shi daga 80, kuma fasfonta ya fito saura mako uku mu tashi. Ban manta da waɗannan makonni ba, kuma har yau ina ganin rashin adalci ne a ɗaure mai neman biza da jadawalin biyan kuɗi da aka tsara domin wanda fasfonsa ke buɗe masa kowace ƙofa. Wani abin da ya taimake mu shi ne tun farko mun ƙi zaɓar hanyar da ke tsayawa a Tunisiya, domin fita daga yankin Shengen a dawo yana buƙatar biza mai shiga fiye da sau ɗaya, mu kuwa ba mu da tabbacin za a ba ta irinta.

Dole in faɗi alherin tsarin Ingila, domin tsadarsa da tsaurinsa ba a banza suke ba. Saboda na sayi tikitin jirgin sama da na ruwa a dunƙule, an ba ni takardar ATOL, wadda ke nufin in kamfanin ya durƙushe za a maido mini da kuɗina ko a dawo da ni gida. Duk wanda ke Ingila a watan Satumban 2019 ya ga amfanin wannan tsari lokacin da Thomas Cook ya rushe aka kwaso matafiya kusan 150,000 daga ƙasashen waje. Dokar tafiye-tafiyen dunƙule ta 2018 ta kuma hana a ƙara mini farashi idan ya rage ƙasa da kwana 20 a tashi, kuma in ƙarin ya wuce kashi 8 cikin ɗari ina da damar fasawa a biya ni kuɗina. Na biya da katin bashi na banki, na kuma cike gurbin kuɗin a ranar don kada ruwa ya hau, saboda sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa bankin alhaki tare da mai sayarwa a kan cinikin da ya haura fam 100 har zuwa fam 30,000. Ƙanena ba shi da kwatankwacin ATOL, kuma jinginar da hukumar sufurin teku ta Amurka ke tilasta wa kamfanoni ajiyewa ta shafi jiragen da ke ɗaukar fasinja daga tashoshin Amurka ne, namu kuwa daga Sifaniya ya tashi. Shi yana da sauƙin fita kafin lokaci, ni kuma ina da kariya idan kamfani ya gaza, kuma kowannenmu ya biya kuɗin abin da ya samu.

A kan inshora ne na yi kuskuren da ya fi damuna. Ni da iyalina mun sayi inshorar tafiya a Ingila tare da ƙarin sashen da ya keɓanta da jirgin ruwa, domin katin GHIC da muke riƙe da shi, wato katin lafiya da gwamnatin Birtaniya ke ba mazaunanta masu tafiya waje, yana aiki ne a asibitocin gwamnati na ƙasashen Tarayyar Turai, ba ya biyan likitan cikin jirgi, ba ya kuma biyan ɗauko mara lafiya daga teku ko maido shi gida. Na so in sa Umma a ciki, aka ce mini sai mazaunin Ingila wanda tafiyarsa za ta fara ta ƙare a can. Ƙanena ma haka aka gaya masa a Amurka, inda shi ya samu wani nau'i da ban gan shi a kasuwarmu ba, wanda ke maido maka da rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na kuɗinka ko da ba ka ba da dalilin fasawa ba, muddin ka saye shi cikin 'yan makonni bayan ajiye kafin alƙalami. Saboda haka Umma ta tafi da inshorar da aka saya mata a gida domin biza, wadda ta cika sharaɗin Shengen na biyan magani har yuro 30,000. Na ga wannan adadi a fuskar takardar hankalina ya kwanta, ban buɗe shafukan ciki ba.

A dare na huɗu, bayan mun bar Civitavecchia, 'yata ta ƙwanƙwasa mana ƙofa wajen ƙarfe ɗaya ta ce kakarta tana jin jiri kuma kanta yana sarawa. Muka sauka da ita asibitin jirgin da ke can bene na ƙasa, ɗan ƙaramin wuri mai gadaje kaɗan da hasken da ke kashe ido, inda ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mata abin awon jini ta dube ni ba ta ce komai ba, ta tafi ta taso likita. Jininta ya hau sosai. Suka yi mata gwajin zuciya, suka ba ta magani, suka ajiye ta har asuba tana riƙe da carbinta tana ba mu haƙuri wai ta hana mu barci. Kulawar da suka yi mata ba ta da makusa, kuma zan ci gaba da gode musu. Kafin mu fita aka miƙo mini takarda na sa hannu, aka ɗora yuro 410 a lissafin ɗakinmu, domin asibitin jirgi ba ya hulɗa da kamfanin inshora, kai za ka biya sannan ka je ka nemi haƙƙinka. Likitan ya kuma gaya mini cewa da abin bai sauka ba da sun sauke ta a Palermo, mu ci gaba da jinya a can jirgin ya wuce.

Da muka dawo na tura rasit da rahoton likita ga kamfanin da ya sayar da inshorar, bayan mako biyar suka amsa cewa ba za su biya ba, suka nuna mini sakin layin da ya cire duk ciwon da mutum ke da shi kafin tafiya, Umma kuwa ta fi shekara goma tana shan maganin hawan jini. Babu wanda ya tambaye ta tarihin lafiyarta lokacin saye, alhali ni a Ingila sai da na amsa tambayoyi masu yawa a kan kowane magani da muke sha kafin a yanka mini farashi. Yuro 410 ba su ne suka tsorata ni ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne tunanin da an kwantar da ita a Italiya, ko an ɗauke ta da jirgi mai saukar ungulu, da duk wannan nauyi a kanmu zai faɗo alhali muna riƙe da takarda mai hatimi. Inshorar ta yi aikin da aka saye ta dominsa, wato ta samar da biza, amma ba ta dace da dattijuwa mai hawan jini a tsakiyar teku ba, kuma alhakin bincika hakan a wuyana yake.

Tawa inshorar kuwa ta nuna amfaninta a wani wuri da ban zata ba. Iska mai ƙarfi ta hana jirgin shiga Valletta, kyaftin ya sanar da cewa za mu wuni a teku, kuma sharuɗɗan tikitin kowa, na Ingila da na Amurka, sun ba kamfanin damar sauya hanya ba tare da diyya ba. Kuɗin tashar kawai aka maido wa kowane fasinja. Sashen jirgin ruwa na inshorata ya biya mu wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum saboda tashar da aka tsallake, bayan na karɓi wasiƙar shaida daga teburin karɓar baƙi kafin mu sauka, abin da wata dattijuwar Baturiya da muka haɗu a layi ta tuna mini. Ƙanena bai samu wannan ba domin tasa ba ta ƙunshi hakan ba.

Zan sake hawa irin wannan jirgi, kuma zan sake saye daga Ingila saboda kariyar da na bayyana, amma ba zan ƙara biyan cikon kuɗin wanda bizarsa ba ta fito ba, sai dai mu jira a samu biza sannan mu kama ɗaki ko da ya fi tsada. Umma ta ce in Allah ya kai mu tana son a koma da Gwaggo, don haka na riga na rubuta wa kamfanoni biyu a gida, ɗaya daga cikinsu na takaful, wato inshorar Musulunci, ina tambayarsu a rubuce ko suna karɓar mai hawan jini idan an bayyana tun farko, ko suna biyan jinyar cikin jirgin ruwa, da kuma nawa ƙarin zai kama.