Jita da goge a jaka ɗaya: saye za ka yi, ko a ɗinka maka?

Bara waccan, ana tsakiyar hunturu, na hau mota a tashar Kawo da ke Kaduna zan je biki Zariya. Jitata na cikin jakarta ta yadi, gogena kuwa na naɗe shi da tsohon zani na cusa a gefen wuyan jitar, don kada in yi ta fama da kaya biyu. Yaron mota ya karɓa ya ce, "Kawo nan maigida, ba abin da zai same ta." Ya kwantar da ita a but, ya ɗora jakar wata hajiya a kai. Da muka sauka na zuge zip, sai na tarar ɗaya daga cikin ƙarafunan ɗaure wayar jita ya huda fatar gogen, kamar an soka tsinken tsire. Ban ga laifin yaron ba. Kayana ne suka ci junansu, ni kuma na haɗa su.

Kayan kiɗa biyu a jaka ɗaya kishiyoyi ne. Zama gida ɗaya ba laifi, amma kowacce da ɗakinta. Duk jakar da za ka saya ko za a yi maka, fara duba abin da ya raba tsakiyarta kafin ka duba kyan bayanta.

Ka dubi su biyun. Cikakkiyar jitar katako tana kai santimita 104 a tsawo, faɗin ƙugunta wajen 40, kaurinta wajen 12, nauyinta kilo 2 ko kusa da haka. A kanta akwai ƙarafuna shida da bakin wayoyi masu tsini. Goge kuwa rabin ƙwarya ne da aka rufe da fatar damo ko guza, tsirkiyarsa izgar doki ce, ga ɗan iccen nan da tsirkiyar ke hawa, wanda makaɗa ke kira jaki, ba manne yake ba. Ga kuma bakan gogawa, shi ma izga ce. Wato ɗaya duk tsini, ɗaya duk fata da gashi. In sun gogi juna ka san wanda zai ji jiki.

Sai yanayin garin nan na Kaduna, wanda shi ne mutane ba su cika sawa a lissafi ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na bushewa ƙamas, danshinta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana. Katakon jita ya fi son danshi tsakanin kashi 45 zuwa 55, in ya rasa sai ya tsuke, fuskar jitar ta tsage. A watan Agusta kuma labari ya juya: danshi ya yi yawa, fatar goge ta saki, muryarsa ta dushe, sai an shanya shi ko an kara shi kusa da wuta kafin ya yi magana. Maganin jita a hunturu shi ne ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin gidan sabulu mai huji, a ajiye a ɗakinta na cikin jakar. To wannan danshin da ke raya jita shi ne ke kashe muryar goge. Ka ga ke nan bangon tsakiya ba na hana karo kaɗai ba ne.

Hanya mafi sauƙi, kuma kada ka raina ta, ita ce kowanne da jakarsa. Ka goya jita a baya, ka rataya goge a kafaɗa. In sau ɗaya ko biyu a wata kake fita da su tare, tsaya nan, ka adana kuɗinka. Jakar fata ta goge wadda baduku zai ɗinka maka, da ɗan kwali mai tauri ko siririn katako ta wajen fuskar fatar, ta wadatar. Wahalarta sai ga mai fita kullum: hannu biyu sun cika, wajen shiga keke napep ɗaya na bugun ƙarfe, ga saurin mantuwa da ƙaramin a gidan biki.

Sai jakar kanti. Kamfanoni irin su Gator da Mono suna yin jaka mai ɗaki biyu, ɗaya na jitar katako ɗaya na jitar lantarki, baya da baya. Ɗinkinsu ba a magana, zip ɗinsu mai ƙwari, ga matashin da ke riƙe wuyan jita. Amma ba don goge aka yi su ba. Ɗakin jitar lantarki shafal yake, ƙwaryar goge kuwa tulluwa ce, in ka matsa zip ya rufe to ƙwaryar ce ke ɗauke da matsin. Ga tsada, don da dala ake sayo su, sau da yawa sai ka yi oda ka jira. Mai jita biyu ya saya, ba zai yi da-na-sani ba. Mai jita da sarewa ma ba ya buƙatar wannan, aljihun gaban kowace jakar jita ya ishe shi in ya zura sarewar cikin guntun bututun roba irin na famfo. Mai goge ko garaya ko gurmi, ba jakarsa ba ce.

In ka ci karo da jakar jita a gwanjo, a Kasuwar Barci ko a Babbar Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ga gwajin da nake yi. Matse jikin jakar da babban yatsa da manuni. In yatsunka sun haɗu, riga ce kawai aka yi wa jita, ba kariya. Juya kan zip ɗin ka duba lambar da ke bayansa: lamba 5 ta jakar makaranta ce, nemi 8 ko 10. Finciki maratayin da ƙarfi ka ga ko ɗinkin zai yi murmushi. Sannan cusa hancinka ciki. Warin fumfuna ba ya fita da wanki ɗaya, kuma fata yake fara kamawa.

Akwai masu ɗauko tsohon akwatin tafiya, ko akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, su shimfiɗa soso a ciki. Jita dai ba za ta shiga yawancinsu ba. Amma ga mai kalangu da algaita dabara ce mai kyau ƙwarai: kalangu ya kwanta a gefe, algaita a warware ta a sa a wani lungu da aka keɓe, bakin busarta a ɗan gwangwani don kada ya murƙushe. Akwatin ƙarfe ya fi kowa maganin ɓera, wanda fatar kalangu tuwo ce a wajensa. Aibinsa rana. Ka bar shi a bayan mota cikin zafin Afrilu, tanda ka yi wa kayanka.

Yanzu ga inda maganar take, wato a yi maka naka. Hanya biyu ce, kafinta ko mai ɗinki.

Kafinta zai yi maka akwatin filawud, a kasuwar Panteka kuma za a sa maka alminiyam a kusurwoyi da hinji da makama. Falle ɗaya mai ƙafa 4 a ƙafa 8 ya isa har da saura. Ba abin da ya kai shi kariya, ko buhun masara aka ɗora a kai. Amma yi lissafin nauyi tun kafin a yanka. Akwati mai tsawon santimita 110, faɗi 55, zurfi 18, in da filawud mai kaurin milimita 9 ne, katakon kaɗai ya doshi kilo 10. In mai milimita 6 ne ya ɗan haura kilo 6. Ba a sa soso ba, ba a sa ƙarfe ba, ba a sa kayan kiɗan ba. Kafintan zai so ya ba ka mai kauri don ya fi daɗin bugun ƙusa, ka dage a kan 6, a ƙarfafa gefunan da siririn katako. Wannan akwati na mai mota ne, ko ƙungiyar da ke lodin kayanta a bas zuwa Kano ko Jos, ko wanda zai ba da kayansa a jirgin sama. Mai hawa keke napep daga Tudun Wada zuwa Barnawa kullum zai tsane shi cikin sati guda, ga biyan kuɗin mutum biyu.

Ni dai abin da na zaɓa bayan ɓarnar Zariya, kuma shi nake ba mafi yawan mutane shawara, jaka ce mai tauri-tauri wadda mai ɗinkin kushin ɗin mota ya yi mini. Ba telan kaya ba. Keken telan kaya ba ya cin tampol ninki uku, allurarsa karyewa take. Masu kushin da masu ɗinka tampol su ke da babban keke da zare mai kauri, kuma aikinsu ke nan kullum, lulluɓe soso da yadi.

Na kai masa kayan da kansu, ban tsaya kwatance ba. Dattijo ne, tabarau a karan hanci. Ya shimfiɗa kwalin firiji a ƙasa, muka kwantar da jita. Ya ɗauki gogen ya jujjuya, ya ce, "Ɗan nan, ka ga duk filin nan da ke gefen wuyanta? Asara ce." Sai ya kwantar da gogen kai da ƙafa da jitar, ƙwaryarsa a gefen kan jita, sandarsa ta miƙe ta bi gefen kafaɗarta. Gogena tsawonsa santimita 68, ƙwaryar 22, ya zauna daram. Na ce, "Baba, ba za su taɓa juna ba?" Ya zana layi da biro a tsakaninsu, ya ce nan katanga za ta bi. Ya zagaye kowanne da biro, ya bar yatsa biyu ko'ina saboda soso. Wannan kwalin shi ya zama ma'aunin aikin gaba ɗaya. Da baya da baya aka jera su, da jakar ta yi tudu kamar ganga, tana rinjayar mutum in ya goya.

Wajen soso ne ake cutar mutane, ko su cuci kansu, araha kuwa ba ta ado. Soson katifa laushi ne da shi, amma yana shan ruwa kamar me, kuma bayan wata shida ya lotse ya zama fanke. Nemi soso mai tauri irin wanda ake yin silifas da shi, wajen masu sayar da kayan haɗa takalma ake samu falle-falle. Ba ya shan ruwa, ba ya lotsewa da wuri. Kaurin santimita 2 a jiki, ninki biyu a gindin jakar, inda take dira in ka ajiye ta tsaye. Soson katifa siriri a bisansa ba laifi, don laushi. Katangar tsakiya kuwa ta zama siririn filawud da aka lulluɓe da soso ta kowane gefe, a ɗinke ta da jikin jakar, kada a bar ta tana yawo. Haka ma murfin, a zura masa siririn filawud daidai inda fuskar goge da fuskar jita suke.

Yadin ciki ya zama na auduga mai laushi ko karammiski. Kada a bar leda irin ta kujera ko roba ta taɓa jikin jita kai tsaye, akwai fentin jita da roba ke narkar da shi ta bar masa tabo. Gam ɗin da ake manna soso shi ma tururinsa na iya taɓa fenti, don haka in an gama a bar jakar a buɗe a inuwa kwana huɗu ko biyar har warin ya tafi. Bayan jakar tampol ko yadi mai kauri da ruwa ba ya ratsawa, zip lamba 10, da ɗan leɓe da zai rufe zip ɗin, don ta nan ruwan sama da ƙurar hunturu ke shiga.

Ƙananan abubuwa uku da na ƙara daga baya, da na sani da tun farko na faɗa. Matashi a ƙarƙashin wuyan jita da maɗauri, yadda kanta zai tsaya a iska bai taɓa ƙasan jakar ba, don a nan jita ta fi karyewa in ta faɗi. Dogon aljihu siriri na bakan goge shi kaɗai, don kada izgarsa ta sarƙe da wani abu. Sai ɗan aljihu mai zip na jaki da ƙaron da ake shafa wa izga. Ƙaro in ya ji zafi yana danƙo, in ya farfashe kuma garinsa ya bi ko'ina.

Batun kuɗi, tsarin bai cika sauyawa ba ko da farashi ya tashi: jaka biyu daban ta fi araha, sai gyaran tsohon akwati, sai ɗinkin mai kushin, sai akwatin kafinta da ƙarafunansa, jakar kanti ta waje ita ce a sama. Sayo soso da zip da yadi da kanka ka kai, ku yi cinikin aikin hannu kaɗai. Ba da rabi, sauran sai ka zo da kayan kiɗan an gwada a gabanka. Gwajin kuwa ba wuya: sa su ciki, rufe, ɗaga jakar ka girgiza kusa da kunnenka. In ka ji wani abu ya motsa, a ƙara soso. Kuma kada ka kai aiki ana saura sati biyu Sallah, ko wajen wa.

Jakar da ta rufu ruf tana da nata sharrin. Akwai ɗan ƙwaro da ke cin izga, duhu da rashin motsi yake so, sai ka buɗe bayan wata biyu ka ga gashin ya zube kamar an bi shi da almakashi. Buɗe ta duk sati ta sha iska. Da damina ka tara ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ka zuba a ɗakin goge. Da hunturu ka kwashe su, ka mayar da gidan sabulu da jiƙaƙƙen sosonsa ɗakin jita, ka matse shi sosai kada ya ɗiga. In tafiyar mai nisa ce, ka zare jakin gogen ka sa a aljihunsa, ka ɗan sassauta wayoyin jita. A jirgin ƙasan Rigasa zuwa Abuja ina ɗora tawa a kantar da ke saman kujera, fuskar kayan na kallon sama. A motar haya kuwa ba ta ƙara shiga but ba, a tsaye take tsakanin ƙafafuna har Zariya.