Kafin ka sa hannu: me za su yi maka ranar da ka kasa biya?

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a Maradi wanda bai ci ba ya bayar. Abin da ke damuna shi ne yadda muke zaɓen inda za mu ci. Tambayarmu ba ta wuce biyu: nawa za su ba ni, yaushe kuɗin zai fito. Ba mai tambayar abin da zai faru in wata ya ƙare hannu babu komai. Alhali duk wanda ya ga rufe iyakar Najeriya a watan Agusta na 2019, ya ga kaya sun tsaya tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, ya kuma ga takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 lokacin da cire kuɗinka na kanka ya koma bin layi, ya san mai gaskiya ma yana makara.

Mu fara da katin bashi, tunda matasa na yawan tambaya. Yawancin katunan da ke aljihunmu, na GIM-UEMOA (katin haɗin gwiwar bankunan yankinmu) ko Visa, kuɗinka ne kake cira da su. In ya ƙare, na'ura ta ƙi. Katin bashi na ainihi, wanda kake kashe kuɗin banki ka biya daga baya, ya fi yawa a ƙasashe irin su Amurka. Can, in ka tsallake ranar biya sai a ɗora maka tara, bayan kwana 30 a kai sunanka wurin masu tattara tarihin bashi, in abin ya kai kwana 180 banki ya lissafa shi cikin asara, sau da yawa kuma ya miƙa shi ga masu bin bashi. Ɗan uwansa a nan shi ne katin da ake haɗa duk abin da ka saya a cire ƙarshen wata, da kuma izinin cire fiye da abin da ke asusunka, wanda ma'aikata ke kira dekuber. In an yi maka tayin ɗaya daga ciki, ka ɗauke shi bashi, don bashi ne. Ni dai ban cika son dekuber ba. Ba shi da ranar gamawa, ruwansa da ake ce wa ajiyo yana tafiya da kwanaki, mutum sai ya shekara albashinsa na shiga rami kafin ya gan shi.

Bashin banki na ma'aikaci, wanda albashi ke bi ta asusu, shi ne mafi arha a takarda. A farkon 2014 aka ƙayyade wa bankunan yankin UMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, har da Nijar, cewa ruwa da duk cajin da ke tare da shi kada su haura 15 cikin 100 a shekara, ƙananan cibiyoyin ba da lamuni kuwa 24 cikin 100. Wato jika 500 da ta shekara cur a hannunka ba a rage komai ba, iyakar ruwanta a wannan ƙa'ida jika 75 a banki, jika 120 a ƙaramar cibiya. Ka tambayi adadin da ake aiki da shi yau, a nuna maka a rubuce.

Sai dai banki ba ya bin ka gida tun farko, don hannunsa na cikin aljihunka. Ranar da albashi ya shigo shi ke fara ɗiba. Wani ƙanena malamin makaranta albashinsa ya taɓa makara. Da kuɗin suka faɗo, bankinsa ya kwashe kason watan da ya wuce, da ruwan jinkiri, da cajin biyan da bai shiga ba, duk a rana ɗaya, ana saura ƴan kwanaki salla. Ba su karya doka ba, komai na cikin takardar da ya sa wa hannu bai karanta ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, da ya je tun kafin ranar ya yi bayani, da wataƙila an matsar masa da ita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma kunya ta hana shi.

In jinkiri ya yi tsawo, abin yakan bi mataki ne. Kira da saƙon waya, sai takardar gargaɗi. A ƙa'idar BCEAO, babban bankin yankin, bashin da ya haura kwana 90 ba a biya ba yakan shiga sahun waɗanda ake shakkar dawowarsu, daga nan fuskar banki ta sauya. Yawancin yarjejeniyoyi na ɗauke da wani sharaɗi da ya kamata kowa ya nema da idonsa: in ka tsallake biya kaza, duk sauran bashin ya zama na biya nan take. Daga nan sai wanda ya tsaya maka, sai jingina, sai kotu, inda dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, ta ba mai bin bashi gajeriyar hanyar samun umarnin biya da riƙe kaya ko asusu. Kuma tun 2016 akwai ofishin tattara tarihin masu cin bashi na yankin, Creditinfo. Makarar da ka yi a wannan banki, na tsallaken titi zai iya ganinta ranar da ka je wurinsa.

Ƙananan cibiyoyi sun fi sauƙin shiga ga mai tebur a babbar kasuwa ko mai sayar da wake da aya. Tsadarsu na bayyane, matsinsu kuma na kusa: jami'insu ya san rumfarka, ya san gidanka, kwana kaɗan zai iso. In bashin rukuni ne, ƴan uwanka za su biya maka, su kuma ba sa mantuwa. Kafin ka karɓa ka tambaya ko za su taɓa ajiyar da suka sa ka yi, kuma tarar ta rana ce ko ta wata. Manomi kuwa ya nemi irin wanda ake jinginar da hatsi a sito bayan kaka, a biya in farashi ya tashi, don lokacin biyansa ya dace da lokacin samunsa.

Wanda ke gudun riba yana da murabaha a bankin Musulunci: su sayi kayan, su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. A ƙa'ida farashin ba ya ƙaruwa don ka makara, in ma an ci tara sadaka ake yi da ita. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Amma kada ka zaci hakan ya hana su neman jingina ko zuwa kotu.

Don ƙaramin kuɗi, ban ga abin da ya kai asusun mata ba. Tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi ƙungiyar CARE ta fara shi a 1991, daga baya ya bazu cikin ƙasashe da dama. Wadda ta makara tana magana ne da matan da suka san mijinta ba shi da lafiya. Rauninsa, akwatin ƙarami ne, ba zai sayi babur mai ƙafa uku ba.

Da ni ne ke zaɓa, ma'aikaci ya ɗauki bashi mai ranar gamawa, ya roƙi a sa ranar cirewa bayan ranar da albashi ya saba shigowa da ƴan kwanaki. Ɗan kasuwa ya fifita wanda zai rubuta masa cewa ana iya sake tsara biya in kasuwa ta tsaya. Kowa kuma ya tafi da takardar gida ta kwana, wani mai jin Faransanci ya karanta masa layi-layi, musamman adadin tarar jinkiri, da biya nawa za a tsallake kafin a nemi duka, da abin da zai hau kan wanda ya tsaya masa. In jami'in ya ce ba a fita da takardar sai an sa hannu, ka gode masa ka leƙa banki na gaba.