Lezar da aka zura cikin jijiya ta biya ni, ta saman fata kuwa rabi da rabi

Leza, wato haske mai ƙarfi da likitoci ke ƙona jijiyar jini da shi, iri biyu aka yi mini a ƙafata ta hagu saboda kumburin jijiyoyin jini, kuma duk da cewa sunansu ɗaya, aikinsu daban, sakamakonsu ma daban. Ta farko an zura ta ne cikin babbar jijiyar da ta lalace, aka ƙone jijiyar daga ciki ta rufe. Ta biyu a saman fata aka haska ta, a kan siraran jijiyoyin da suka bazu mini a cinya da kewayen idon sawu. Ta farkon ta raba ni da ciwon da na daɗe ina fama da shi, kuma da za a mayar da ni baya, zan sake amincewa a yi mini ita ba tare da wani dogon tunani ba. Ta biyun ta yi wani abu, amma ba ta kai yadda ake kururuta ta ba, musamman ga mai baƙar fata irina.

Aikina na tsayuwa ne, na yi haihuwa, mahaifiyata ma jijiyoyin ƙafarta sun fito tun ina yarinya. Waɗannan ukun kuwa su ne likitoci ke fara tambaya a kai. Mutane da yawa sun ɗauka kumburin jijiya muni ne kawai a ido, a sa dogon kaya a rufe shi ke nan. Wanda yake ɗauke da shi ya san ba haka ba ne. Da safe ƙafar lafiya lau, amma kafin yamma ta yi nauyi, ta yi tsami, idon sawu ya kumbura har takalmi ya matse. Ga ƙaiƙayi a kan jijiyar, wanda susa ba ta kashe shi. Da dare kuma sha-raɓa ta ɗaure, in farka ina murza ta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fatar gefen idon sawu ta ciki da ta fara yin duhu tana bushewa.

Kafin a yi maganar leza ko kaɗan, likitan jijiyoyin jini ya yi mini sikanin, wato hoton na'ura mai nuna yadda jini ke gudu a cikin jijiya, kuma a tsaye aka yi shi, don a kwance jini ba ya nuna halinsa. Yana matsa sha-raɓata ya saki, yana kallon allon na'urar. A cikin jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya akwai ƙananan ƙofofi da ke buɗewa jini ya hau, su rufe kada ya gangaro. Idan suka daina rufewa, jinin da ya hau sai ya dawo ƙasa ya taru, jijiyar ta buɗe, rassanta su kumbura su murɗe. Ma'aunin da ake bi a jijiyoyin kusa da fata shi ne, in jini ya ci gaba da komawa baya fiye da rabin daƙiƙa, ƙofar ta lalace. Nawa ya wuce haka nesa ba kusa ba, na gan shi da idona a allo. Jijiyar da ta lalace ita ce doguwar da ta taso daga idon sawu ta ciki, ta bi gefen ƙauri da cinya, ta haɗe da jijiyar can ciki a matsematsi.

Ya ce mini, “Malama, waɗannan da kike gani a ƙauri rassa ne. Tushen matsalar yana sama, inda ido ba ya gani.”

Na ce, “To Likita, in kun rufe ta, jinin ta ina zai bi?”

Ya bayyana mini cewa kusan kashi 90 cikin 100 na jinin ƙafa ta jijiyoyin can cikin tsoka yake komawa, kuma ya duba nawa lafiyarsu ƙalau. Wadda ta lalace ba taimako take yi ba, aiki ma take ƙara wa sauran, tunda jinin da suka hau da shi ita take maido shi ƙasa. Wannan bayanin ne ya kwantar mini da hankali fiye da komai.

A nan nake son mai karatu ya tsaya. Duk wurin da za su kalli ƙafarka da ido kawai, su ga jijiyoyi sun yi tudu, su ce zo gobe a haska maka leza, ba tare da sikanin ba, ka nemi wani wurin. Hasken saman fata ba ya kai wa ga babbar jijiya, kuma muddin tana zubo jini baya, duk abin da aka goge a ƙasa zai dawo.

Da na koma gida na karanta, na tarar hanyar ba sabuwa ba ce fil. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka fara ƙona jijiya da leza daga ciki. Kafin nan tiyata ake yi, a tsaga matsematsi, a ɗaure jijiyar, a zare ta, galibi bayan an sa mutum barci. A 2013 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta fitar da ƙa'idar da ta sa rufe jijiya da zafi a gaba, ko da leza ko da na'urar zafin rediyo. In hakan ba zai yiwu ba sai allurar kumfa, wato maganin da ake ɗurawa cikin jijiya ya rufe ta, tiyata kuma ta zo a ƙarshe. Ana bambanta hasken leza ne da tsawon zangonsa, wanda ake aunawa da nanomita, kuma na'urorin farko masu nanomita 810 zuwa 980 jini suke kamawa. Wadda aka yi mini da ita mai 1470 ce, wadda ruwan da ke jikin bangon jijiyar yake shanye haskenta, kuma bakin wayarta zagaye yake watsa hasken maimakon ya harba shi gaba. Likitan ya ce da irin wannan an fi samun sauƙin ciwo da taruwar jini bayan aiki.

Ranar aikin idona biyu daga farko har ƙarshe. An wanke ƙafar, aka kashe wani ɗan wuri kusa da gwiwa da allura, aka shiga jijiyar, aka tura siririyar waya har kusa da matsematsi, ana bin ta da sikanin. Tura wayar ban ji komai ba. Likitan ya daɗe yana auna inda bakinta zai tsaya, ɗan nesa da mahaɗar jijiyar ciki, don kada zafin ya taɓa ta. Na ji daɗin ganin bai yi gaggawa a wannan matakin ba.

Wurin da ya fi wuya shi ne allurar ruwan kashe zafi. Ana ɗura ruwa mai yawa kewaye da jijiyar, daga ƙasa har sama, ana soka allura a wurare daban-daban a tsawon cinya. Akwai suka, akwai kuma jin cinyar tana cika tana sanyi. Ba zan ɓoye ba, na damƙe hannun ma'aikaciyar jinya, ita kuma tana ta cewa, “Sannu Malama, saura kaɗan.” Ruwan nan aiki uku yake yi: yana kashe zafi, yana matse jijiyar ta rungumi wayar, yana kuma tsare fata da jijiyoyin ji daga ƙuna. Sanin haka ya sa na daure. Daga nan aka ba kowa a ɗakin tabarau na kariya, aka kunna na'urar, likitan yana janyo wayar a hankali. Zafi babu. Sai dai wani ɗanɗanon ƙauri da na ji a bakina, wanda da ma an gaya mini wasu suna ji, kuma ya wuce da aka gama. Duka aikin bai kai awa ɗaya ba. Ba ɗinki, filasta kawai aka manna, aka sa mini safar matsi mai kai wa cinya, aka ce tashi ki yi tafiya. Da ƙafata na fita.

Safar nan ita ce abin da na fi ƙosawa da shi. Sa ta aiki ne, tana da zafi, bakinta na sama kuma yana naɗewa yana cin fata. Wanda za a yi wa aikin ya tabbata an auna ƙafarsa kafin a ba shi, kada a miƙo masa kowace iri. An ce in riƙa tafiya kullum, in guji dogon zama wuri ɗaya da ɗaukar kaya masu nauyi da doguwar tafiya a jirgi na ɗan lokaci.

Kwanakin farko sun zo da sauƙi har na yi mamaki. Sai wajen ƙarshen makon farko cikin cinyar ya ɗaure, wani tauri ya miƙe a layin jijiyar, in na miƙe ƙafa sai in ji yana ja. Jini ya kwanta a wuraren allura. Maganin ciwo na yau da kullum ya wadatar, tafiya kuma tana sassauta shi. Wannan jan alama ce ta jijiyar tana ƙanƙancewa, jiki kuma yana shanye ta a hankali cikin watanni. Akwai kuma wani ɗan wuri ƙasa da gwiwa da ya sage, in na taɓa sai in ji kamar ba jikina ba, saboda jijiyar ji tana tafiya dab da jijiyar jinin a wannan yankin. Ya ɗauki watanni kafin ya dawo daidai. An sake yi mini sikanin don a tabbatar jijiyar ta rufe, kuma gudan jini bai leƙa cikin jijiyar ciki ba. Daskarewar jini a can ba ta cika faruwa ba, amma ita ce haɗarin da ya fi girma, don haka kada kowa ya yi wasa da wannan komawar. In ƙafa ta kumbura farat ɗaya, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya yi ciwo, asibiti ake nufa nan take.

Nauyin yamma ya tafi tun a watan farko. Ɗaurewar dare ta daina, ƙaiƙayin ma haka. Alhamdu lillahi, yanzu ina wuni a tsaye in dawo gida ban tuna da ƙafar ba. Rassan da suka yi tudu a ƙauri wasu sun sace da kansu, waɗanda suka rage aka yi musu allurar kumfa. Duhun fatar idon sawu bai koma yadda yake da ba, amma ya tsaya, bai ƙaru ba.

Sai lezar saman fata. Likitan ya faɗa mini gaskiya tun farko, cewa a ƙafa allurar da ke rufe ƙananan jijiyoyi ta fi leza aiki, lezar ta fi dacewa da fuska da kuma jijiyoyin da suka yi sirantar da allura ba ta shiga. Nawa da yawa irin waɗannan ne, shi ya sa ya tura ni sashen fata. A can ne na ga bambanci tsakanin maganar likita da maganar talla. Takardar da aka miƙo mini a wurin karɓar baƙi hotunan fararen ƙafafu ne zalla, kuma wadda ta ba ni ta ce zama ɗaya ya isa. Wannan ya ɓata mini rai, don ba gaskiya ba ne, kuma mai baƙar fata yana da haƙƙin a nuna masa sakamako a kan fata irin tasa.

Dalilin kuwa a fili yake. Wannan lezar tana aiki ne da ƙa'idar da wasu masu bincike biyu, Anderson da Parrish, suka bayyana a 1983: a zaɓi hasken da jan jini ke shanyewa, a harba shi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, jijiyar ta yi zafi ta mutu, naman kewaye ya tsira. Matsalar ita ce sinadarin da ke ba fata launi shi ma yana shan haske. Gwargwadon duhun fata, gwargwadon abin da take sha kafin hasken ya isa jijiya, daga nan ƙuna da tabo ke fitowa. Lezoji masu gajeren zango, irin 532 da 595, sun fi haɗari gare mu. Wadda ta fi dacewa ita ce lezar da ake kira Nd:YAG mai nanomita 1064, don launin fata ba ya kama ta sosai, kuma tana shiga ciki. Likitar fatar da ta yi mini aikin ta san wannan sarai. Da irin wannan lezar ta yi amfani, tare da na'urar sanyaya fata, kuma ta fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri, ta ce in tafi in dawo bayan makonni ta ga yadda fatar ta karɓa. Wannan gwajin ya sa na yarda da ita.

Zafin ya fi na aikin farko, abin da ban zata ba. Kowace harbawa kamar an ja roba an sake ta a fata, da ɗan zafi a bayanta, kuma a kusa da idon sawu ya fi tsanani. Wurin ya yi ja ya ɗan tasa na kwana kaɗan. Sai da aka maimaita zama, da tazarar makonni tsakani, kafin in ga canji na gaske. Na cinya sun dushe sosai, wasu sun ɓace. Na idon sawu kuwa sun yi taurin kai, kuma a wurare biyu layin jijiyar ya bar duhu wanda ya fi jijiyar kanta fitowa a ido. An ce in kare wurin daga rana, in yi haƙuri. Ya ragu, amma har yanzu ina ganinsa. Wanda zai yi wannan don kyan gani kawai ya shiga da sanin cewa ragewa ake yi, ba gogewa ba, kuma ya tambayi sunan na'urar da irin fatar da mai aikin ya saba yi wa.

Mai juna biyu ba a yi mata ko ɗaya daga cikin biyun, sai ta haihu, don jijiyoyin da ciki ya fito da su sukan ragu da kansu bayan haihuwa. Wanda kuma abin ya kai shi ga gyambo a idon sawu, kada ya ce sai ya warke tukuna zai je. Wani bincike da aka yi a Birtaniya kan mutum 450, aka wallafa a 2018, ya nuna waɗanda aka rufe wa jijiyar da wuri gyambonsu ya warke cikin kwana 56 a matsakaici, waɗanda aka jinkirta wa kuwa kwana 82. Na ga masu ɗaure gyambo shekara da shekaru ba wanda ya taɓa duba jijiyarsu, kuma abin yana ci mini rai.

Leza ba ta canza gadon da mutum ya yi ba, wata jijiyar tana iya lalacewa nan gaba. A sikanin na ƙarshe an ga gajeriyar jijiyar bayan sha-raɓata ta dama ta fara mayar da jini kaɗan. Likitan ya ce tunda ba ta damuna, a bar ta ana dubawa, don ita ma akwai jijiyar ji a kusa da ita, ba a taɓa ta sai da dalili. Ina sa safar matsi a ranakun doguwar tsayuwa, kuma mun yi da shi cewa da zarar ƙafar daman ta fara nauyi da yamma ko fatar ta canza launi, zan koma a yi mata irin na hagun.